Ƙulli Ɗaya a Tartu

A ƙarƙashin matakala, inda matata Piret
ke jera kwalaben kokwamba mai tsami,
na ajiye wata 'yar na'ura, ba ta fi curin burodi ba.
Shekara biyu ke nan ba ta rintsa ba.
Aikinta shaida ne kawai:
wani ya biya wani a can ƙarshen duniya,
ta duba littafi, ta ce haka ne, ta miƙa gaba.
Dubban irinta na warwatse, ba mai sanin sunan wani,
ƙulli-ƙulli a raga ɗaya,
ba uba, ba ofis, ba wanda za a kai wa ƙara.

Haka na faɗa wa Külli Raudsepp, akantata,
ranar da ƙanƙara ta rufe bakin kogin Emajõgi.
Ta cire tabarau, ta goge da gefen mayafin wuya.
"Indrek, raga ba ta da adireshi, na ji.
Kai kana da shi.
Lamba goma sha bakwai, koriyar ƙofa."

Sai ta zaro takarda mai gurabe,
kowane gurbi baki buɗe kamar ɗan tsako.
"Ladan da ke faɗo maka ƙarfe uku na dare,
kana tsakar minshari,
albashi ne, riba ce, ko tsintuwa?
Da ya faɗo, yuro arba'in ne.
Kafin shayinka ya huce ya koma sha tara.
A kan wanne za ka biya haraji?"
Na ce na safe mana, shi na gani da idona.
Ta ce, "Shirya amsa biyu,
ba lalle a tambayi ido ba. Agogo ma shaida ne."

Na ce to wutar da take sha fa?
Ta ce, "Da mitar da ke dafa miyar Piret?
Raba min su in gani."

Lauya kuma rabin awa na saya a wurinsa,
minti ashirin ya tafi a "ya danganta."
Na tambaye shi: in kuɗin ɓarawo ya ratsa ta ɗakina
cikin daƙiƙa guda, ban gan shi ba, ban taɓa ba,
ni masinja ne da bai buɗe wasiƙa ba,
ko ɗan canji mara lasisi?
Ya dubi rufin ɗaki.
Ya ce doka tsohuwa ce mai sanda,
tana tafe, ba ta iso ba tukuna,
amma in ta iso ba ta mantuwa,
kuma daga baya take fara ƙirga.

Na dawo gida a ƙafa, hancina ya daskare.
Na ɗora yatsa kan makunni.
Kyanwarmu na kwance a kan na'urar
don ɗumin da ba ta biya ba,
ta buɗe ido ɗaya, ta raina ni, ta rufe.

Ban kashe ba.
Na sayo littafi mai jan bango,
irin na masu kantin da,
na ja layi huɗu: rana, sa'a, adadi, farashi.
Ni da na gudu daga littafin mutum ɗaya
zuwa littafin kowa da kowa,
ga ni da biro a kunne.

Piret ta sauko neman kwalba.
Ta leƙa shafin, ta ce, "Nawa ya rage mana?"
Na faɗa mata.
Ta ce, "Ko kuɗin gishirin kokwamba?"
Na ce ya ɗan fi.
Ta ɗauki kwalbarta ta hau.

Koriyar fitila na ƙyaftawa a duhu.
Wani ya biya wani.
Na duba agogo, na rubuta.